LAFIYA UWAR JIKI: Awon watannin ƙarshe, daga Bader Gula zuwa ɗakin haihuwa

A makon nan zance zai kai mu arewacin jihar Maraɗi, cikin gundumar Dakoro, a karkarar Bader Gula, inda gonakin gero ke ƙarewa makiyaya ta soma. Harkar dangi ce ta kai ni can, amma abin da na dawo da shi ya shafi kowane magidanci, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, mazaunin birni ne ko na ƙauye.

Na sauka a gidan wani aminina mai fataucin gero da wake. Bayan sallar isha'i muna shan shayi, sai na tambaye shi jikin iyalinsa, don na san tana da tsohon ciki. Ya ce: "Alhamdu lillahi, Malam. Ai ta yi awo, karnenta ma yana ɗaki." Na ce: "Alhaji, ko za ka bari in gani?" Ya aiki yaro ya ɗauko. Da na buɗe a hasken fitila, layi biyu kawai na tarar a cike, ɗaya na wata na huɗu, ɗaya na wata na biyar. A daren nan kuwa cikin yana wata na takwas. An rubuta mata ranar komawa, ranar ta wuce da kusan wata biyu. Da na nuna masa, sai ya yi murmushi ya ce: "To, an ba ta sange, an yi mata allura, an ce lafiya lau. Me kuma ya rage? Ƙafafunta ne kawai suka ɗan kumbura, shi kuwa wannan kowace mai ciki tana yi."

Wannan tambaya ta Alhaji, wato me ya rage, ita nake so mu amsa yau.

Karne a hannu, layuka babu komai

Halin gidan aminina halin ƙasa ne baki ɗaya. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa a cikin mata 100 da suka haihu, 83 sun je awo aƙalla sau ɗaya, amma 33 kaɗai suka kai sau huɗu. Haihuwa a likita kuwa ba ta wuce kimanin 30 cikin 100 ba. Binciken ya ƙiyasta mutuwar mata 535 a kowace haihuwa 100.000. Ma'ana, matanmu sun san hanyar likita. Suna zuwa su karɓi karne da sange, sa'an nan ƙafa ta ɗauke daidai lokacin da ciki ya tsufa.

Nan ne kuskuren yake. A da, ƙa'idar da aka saba da ita awo huɗu ce. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ɗaga adadin zuwa takwas: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sai mako na 20, na 26, na 30, na 34, na 36, na 38 da na 40. Mai karatu ya ƙidaya da kansa, zai ga biyar daga cikin takwas ɗin nan sun faɗo ne daga wata na bakwai zuwa haihuwa. Dalili kuwa shi ne, hawan jinin masu ciki, da tsananin ƙarancin jini, da zubar jini, da mugun kwanciyar ɗa, yawancinsu a watannin ƙarshe suke bayyana. Matar da aka ce wa "lafiya lau" a wata na biyar, an faɗa mata gaskiyar wannan rana ne kawai.

Abin da ake yi a ɗakin awo

Maza da yawa ba su taɓa sanin abin da ke gudana bayan labulen ɗakin awo ba, shi ya sa suke ganinsa kamar ɓata yini. Bari mu bi shi daki-daki.

Ungozomar likita takan fara da tambaya. Yaya barci, yaya cin abinci, akwai ciwon kai, akwai zazzaɓi, an ga jini ko ruwa, ɗan yana motsi kamar yadda ya saba? Wannan hira rabin awon ce, don haka a gaya wa mata su faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai a ɗora ta bisa sikeli. Nauyi ya kamata ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali. In ya tsaya cik, ko ya yi tsalle cikin ƴan kwanaki tare da kumburi, ungozoma za ta sa ido.

Daga nan sai awon tansiyo, wanda a ganina shi ne sarkin awon watannin ƙarshe. In ma'auni ya kai 14 bisa 9 ko ya haura, an shiga hawan jini. Sai a duba fitsari da wata ƴar takarda mai sauya launi, a ga ko akwai abin da ma'aikatan likita ke kira albumin, wanda matanmu suka fi sani da "gishiri". Hawan jini in ya haɗu da gishiri a fitsari, shi ne mafarin jijjiga, ciwon nan da ke kayar da mai ciki tana taune harshe tana fisge-fisge, wanda sau da yawa a ƙauye ake cewa iska ce ta buge ta, a tsaya turare da rubutu har lokaci ya ƙure. Muguntar wannan ciwo ita ce, mace tana iya yawo da shi makonni ba ta jin komai. Ma'aunin tansiyo ne kaɗai ke tona shi da wuri. A kuma sani, rage gishiri a miya ba ya warkar da shi. Maganinsa yana likita: ƙwayoyin saukar da jini, da allurar da ke hana jijjiga, wani lokaci kuma sai an gaggauta haihuwa don a ceci uwa da ɗa. Kumburin ƙafa shi kaɗai ya zama ruwan dare ga masu ciki, gaskiyar Alhaji ke nan. Amma in kumburi ya hau fuska da hannuwa, har zobe ya ƙi fita, maganar ta sauya.

Sai ungozoma ta ja fatar idon mai ciki ta duba, ta dubi tafin hannu da harshe. In sun yi fari, jini ya yi ƙaranci, kuma inda akwai kayan aiki za a ɗebi jini a auna. A ma'aunin likita, ƙasa da 11 ƙarancin jini ne ga mai ciki, ƙasa da 7 kuwa mai tsanani ne. Muhimmancin wannan a fili yake. Babu haihuwar da ba a zubar da jini, kuma abin da mai cikakken jini za ta zubar ta tashi ta yi wanka, shi zai iya kai marar jini kushewa.

Bayan haka mace za ta kwanta, a auna tsayin ciki da zaren awo irin na tela, daga ƙashin mara zuwa ƙololuwar mahaifa. Daga wajen wata na shida, yawan santimita yakan yi kusa da yawan makonnin cikin. In ciki ya gaza ƙwarai, wataƙila ɗan ba ya girma yadda ya kamata. In ya zarce ƙwarai, wataƙila tagwaye ne ko ruwa ya yi yawa. Sai a saurari bugun zuciyar ɗan da wani ɗan ƙaho da ake kafawa a ciki, ko da ƙaramar na'ura. Zuciyar ɗan tayi tana bugawa tsakanin sau 110 zuwa 160 a minti guda, kusan ninki biyu na ta babba.

Daga mako na 36, wato shigar wata na tara, ungozoma za ta lalubi cikin da hannu biyu don ta gane kwanciyar ɗan. Yawancin ƴaƴa a wannan lokaci sun juyo da kai ƙasa. In ɗan yana zaune da ɗuwawu ko ƙafafu a ƙasa, haihuwar tana bukatar gwani. In kuwa ya kwanta a gicciye har naƙuda ta zo, ba zai fito ta hanyar da aka saba ba, sai an yi aiki. Inda aka yi shakka, akan tura mace ta yi eko, wato hoton ciki, wanda ke nuna kwanciyar ɗa, da yawan ƴaƴan, da inda mabiyiya ta manne, don wani lokaci takan sauko ta tare ƙofar mahaifa.

Abin da ake ba ta

Ba awo kaɗai ake yi ba, akwai rigakafi. Na farko Fansidar, ƙwaya uku da mace ke haɗiyewa a gaban ungozoma don kare ta daga zazzaɓin cizon sauro. Ana soma shi daga wata na huɗu, a riƙa maimaitawa da tazarar wata guda aƙalla har zuwa haihuwa, kuma ana so a sha aƙalla sau uku. Wadda ta daina zuwa awo a wata na biyar ta yanke wa kanta wannan kariya. A ƙasar Dakoro, kamar sauran ƙasar Hausa, zazzaɓi ya fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma ga mai ciki yana shanye jini, yana tsumburar da ɗa, yana jawo haihuwar bakwaini. Sangen da aka ba ta kuwa, a rataya shi a kwana ciki kowane dare.

Na biyu ƙwayoyin ƙarin jini, guda ɗaya kullum. Suna sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Akwai masu jefar da su a bayan randa saboda an ce suna ƙara wa ɗa girma har ya gagari haihuwa. Wannan zance ba shi da tushe, jinin uwa suke ginawa. A guji haɗa su da shayi, don shayi yana hana jiki ɗaukarsu. Magidanci kuma ya taimaka da abin da ke cikin tukunya: wake, zogale, nama, hanta, ƙwai, nono.

Na uku allurar tetanos, ciwon da ke shiga ta cibiya ya sandarar da jariri har ya kasa kama nono. Wadda ba ta taɓa yi ba tana bukatar allura biyu da tazarar mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Akwai kuma maganin tsutsar ciki, da gwajin sida da na tunjere ga wadda ba a yi wa tun farko ba, domin in an gano su da wuri akwai maganin da ke kare jariri.

Awon ƙarshe shi ke faɗin inda za a haihu

Yanzu mu zo ga abin da ya sa na ce zancen Bader Gula ya fi na birni nauyi. Matar ma'aikacin da ke Maraɗi ko Yamai, in abu ya ɓaci da tsakar dare, minti kaɗan ne tsakaninta da ɗakin fiɗa. Matar ƙauye ko ta ruga a karkarar Bader Gula, sai an nemi amalanke ko babur an kai ta likitar CSI mafi kusa. A CSI ana awo, ana karɓar haihuwa, amma ba a yin aikin ciro ɗa, ba a kuma ƙarin jini. Wannan sai babbar likitar gunduma a Dakoro, ko a wuce Maraɗi, wadda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga Dakoro. A haɗa da rairayi, da ruwan damina, da neman mota cikin dare. Tun 1994 masana suka bayyana jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannunmu suke, mu maza.

Amfanin awon watannin ƙarshe ke nan: yana gaya wa gida tun da sauran lokaci ko wannan haihuwa ta CSI ce ko ta babbar likita. Yarinya mai cikin fari da ba ta kai shekara 18 ba, mace gajera ƙwarai, wadda ta haihu biyar ko fiye, wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, wadda ta taɓa haifar ɗa ba rai, mai hawan jini, mai ƙarancin jini, wadda ɗanta ya gicciye, duk waɗannan ungozoma za ta iya cewa su matsa kusa da babbar likita kafin naƙuda. In ta faɗi haka, a nemi gidan dangi a Dakoro a kai mace ta zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke ganin wannan wahala ce, ya tuna da matan da ake kaiwa cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012 don masu yoyon fitsari. Mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta kwana biyu ko uku a gida ta jawo musu, kuma galibi ɗan ma bai rayu ba.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata a haɗa ta da wannan lissafi, wato goyon ciki. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta wajen wata na bakwai. Al'ada ce mai kyau, amma sau da yawa a nan awo ke yankewa: an bar likitar da aka saba, karne ya zauna a ɗakin miji, yarinya kuma kunya ta hana ta cewa uffan. Duk wanda zai kai matarsa goyon ciki, ya sa karne cikin kayanta, ya gaya wa surukansa ranar awo ta gaba, ya kuma tambayi nisan garinsu da likita.

Alamun da ba a jiran ranar awo

Ko an cika awo takwas, akwai alamun da in an gan su ba a jiran wayewar gari: zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani tare da ganin hazo-hazo, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, sheshsheƙar numfashi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, raguwar motsin ɗa ko tsayawarsa. Kada a ce ɗan ya kwanta ne zai tashi, a je a saurari zuciyarsa a ranar. Haka nan naƙudar da ta wuce awa 12, da cikin da ya zarce lokacinsa da fiye da mako guda.

Maganar kuɗi da rabon maigida

Tun 2005 hukuma ta ce aikin ciro ɗa kyauta ne a likitocin gwamnati, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, a 2024 kuma aka sanar da rage kuɗin magani tare da yafe kuɗin haihuwa. Sai dai ma'aikatan da ke karanta wannan fili sun fi ni sanin cewa shekara da shekaru baitulmali ya yi ta jinkirin biyan likitoci kuɗin wannan kyauta, har magani ya riƙa yankewa, a koma rubuta wa mutane takarda su saya a waje. Muna kira ga magabata da su tabbata kowace CSI tana da ma'aunin tansiyo mai aiki, da takardun gwajin fitsari, da Fansidar, da man ambilans. In mace ta yi tafiyar rabin yini a kan amalanke aka ce mata babu, da wuya ta sake dawowa. Kuma mun ga abin da ƙasar nan ke iyawa in ta sa kanta: tsarin yaƙi da zubar jini bayan haihuwa da aka soma a 2014, da ƙwayar misoprostol da wasu kayan aiki masu araha, ya rage mutuwar mata ta wannan hanya da fiye da rabi a likitocin ƙasar, kamar yadda sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna.

Mu kuma magidanta, ga namu. Ɗan kasuwa ya san ranar kowace kasuwa daga Dakoro har Jibiya, bai kamata ranar awon matarsa ta ɓace masa ba. In zai yi tafiya ko ci-rani, ya bar izini a fili gaban uwarsa da ƙannensa, cewa in abu ya taso a kai ta likita ba sai an jira shi ba. Ya ware ƴan jikkuna na mota da na magani, ya ajiye su a hannun wanda ke gida. Ya riƙe lambar salular majo da ta mai mota. Ya shirya mutum biyu cikin dangi da za su ba da jini in an bukata. Wannan shi ne darasin da makarantun mazaje, waɗanda aka soma a jihar Damagaram a 2008 kafin su bazu zuwa sauran jihohi, suke koyarwa, kuma ba sai mutum ya shiga makaranta zai aikata shi ba.

Shi kuwa aminina, a daren nan bai ce mini komai ba, ya dai mayar da karne aljihu. Da safe na ga an ɗaura wa amalanke sa, an shimfiɗa tabarma da bargo. Da suka dawo da la'asar, fuskarsa ta sauya. Ya ce: "Malam, an ce jininta ya hau, 16 bisa 10, kuma akwai gishiri a fitsari. An ba mu takarda zuwa Dakoro." Ranar nan suka wuce. Bayan kwanaki ya kira ni a salula yana sanar da ni ranar suna: an samu ɗiya mace, uwa da ɗiya suna lafiya. Ya ƙara da cewa yanzu karnen amaryar ƙaninsa ma shi ke duba shi.

Mai karatu, in akwai mai tsohon ciki a gidanka, yau ka nemi karnenta ka duba layin ƙarshe da ranar komawa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, amin. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.